Kalambaina: Muna Auna Siminti Da Tan, Da Me Muke Auna Karatun 'Ya'yanmu?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta fita daga birnin Sakkwato ta nufi Kalambaina, ba sai an gaya masa ya iso ba, domin kuwa jerin tireloli da dogayen hasumiyoyin masana'anta sun isa shaida. A 1962 aka kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Najeriya a wannan wuri, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin yin tan dubu 100 a shekara. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe sabuwar masana'antar BUA mai tan miliyan 1.5, sannan a watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya buɗe wata mai tan miliyan 3. Hatta masana ilimin ƙasa, da suka tashi raɗa wa shimfiɗar dutsen farar ƙasa da ke kwance a ƙarƙashin wannan yanki suna, sunan Kalambaina suka ba ta, kuma da shi ake kiran ta a littattafan kimiyya ko'ina a duniya. Ke nan gari ne da aka san nauyin abin da ake haƙowa a cikinsa, aka san buhu nawa ke fita kowace rana, aka kuma san direban da ya ɗauka da inda ya nufa.

Tambayar da nake son mai karatu ya taya ni yi ita ce: a wannan gari da komai ke bisa sikeli, yaro nawa ne cikin 'yan aji 3 na makarantun firamaren gwamnati zai iya ɗaukar takarda ya karanta jimla guda ta Hausa, ya kuma faɗi abin da take nufi? Wannan adadi shi ne ya kamata ya kasance a bakin kowane hedimasta da kowane kansila da Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumar Wamakko, kamar yadda adadin tan yake a bakin manajan masana'anta.

Abin da ya tayar mini da wannan tambaya ba wani babban bincike ba ne. Wani ɗan'uwana ne da ke zaune a yankin na kai wa ziyara, sai ya kira ɗansa da ke shirin gama aji 6 a wata makarantar gwamnati domin ya gaishe ni, yana ta yabon ƙoƙarinsa. Yaron ya kawo littafin rubutunsa, na ga shafuka cike da Turanci da kyakkyawan hannu, ya kuma rufe littafin ya zubo mini ma'anar suna da ma'anar aikatau da Turanci ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Sai na ɗauko wani katin gayyatar ɗaurin aure da ke aljihuna, wanda aka rubuta da Hausa, na miƙa masa. Nan fa ake yin ta. Ya dinga kiran sunayen haruffan ɗaya bayan ɗaya yadda ake kiran su da Turanci, amma ya kasa haɗa su su zama kalma. Da yamma kuwa na ji wannan yaron a zaure yana karanta allonsa, yana bin baƙi da wasali da yatsa, ko gargada babu. Uban ya dube ni ya ce, “Yaya, ashe shekara shida muna aika shi ya kwafo zane ne?” Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar. Abin da dai na tabbatar shi ne kan yaron lafiya lau yake, tunda kan da ya iya rubutun Larabci mai tafiya daga dama zuwa hagu ba zai gagara iya boko ba, in da an koya masa.

Abin takaicin shi ne a nan Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba, 1999. A 2004 aka yi masa doka, aka ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, aka gina azuzuwa, aka gyara wasu. Ba mai musun an yi aiki. Sai dai kusan duk lokacin da hukuma ta tashi ba da rahoton nasara, abin da muke ji shi ne yawan azuzuwa da yawan kujeru da yawan yaran da aka rubuta sunayensu a rajista. Waɗannan duka kayan aiki ne, kamar a tambayi manomi buhu nawa ya samu, ya shiga lissafa maka garma da taki da yawan 'yan ƙodago.

Sau da yawa in aka matsa, sai a nuna mana sakamakon WAEC ko NECO. To, wannan ma'auni yana da rauni ta fuskoki da dama. Na farko, yana zuwa ne bayan shekara 12, lokacin da icen ya riga ya bushe, kuma ba ya ƙirga ɗimbin yaran da suka zube a hanya, musamman 'yan mata. Na biyu, sakamako ne da ake shelanta shi a dunƙule, na ƙasa ko na jiha, uba a Kalambaina ko Arkilla ba zai gane matsayin makarantar ɗansa a cikinsa ba. Na uku, shi kansa adadin ba kullum yake tsayawa da ƙafarsa ba. A watan Agustan 2025 hukumar WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma kashi 62.96. A 2022 kuwa hukumar ta bayyana cewa jihohin Sakkwato da Zamfara ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati a jarrabawar ba. Wannan duk ban da abin da kowa ya sani ba a son faɗa, wato cibiyoyin da ake rubuta wa yara amsa a allo.

Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne wanda ake zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi ɗan gajeren labari da harshensa, a duba agogo, a ƙirga kalma nawa ya karanta daidai cikin minti ɗaya. An yi irin wannan gwaji a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2013 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, kuma abin da ya fito ya isa hana mutum barci: mafi yawan yaran aji 2 da aji 3 ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke da ginshiƙin iya karatu. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, har da Legas da Anambra a ciki. Mai hankali ya san inda namu kason zai faɗa.

Wannan ya kawo ni ga batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin fagen karatuna ne. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa an soke manufar koyarwa da harshen uwa wadda Malam Adamu Adamu ya shelanta a 2022, an mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjarsa ita ce wai yankunan da suka rungumi harshen uwa su ne suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Da ma a ce Minista ya zo ya zauna a bayan aji ɗaya kacal a irin makarantun Kalambaina kafin ya yanke wannan hukunci. Tun 1977 kundin manufofin ilimi na ƙasa ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, bugun 2004 ya fayyace shekara 3 na farko. Amma a wane aji aka aiwatar da wannan yadda ya kamata? Da waɗanne littattafan lissafi da kimiyya na Hausa? Wace kwalejin ilimi ce ta yaye malamai da aka horar musamman domin wannan aiki? Abin da ke faruwa a aji shi ne malam ya kwafe darasi da Turanci a allo, ya karanta yara su maimaita da ƙarfi, ya ɗan yi bayani da Hausa da baki, sannan a yi jarrabawa da Turanci. Wannan ba koyarwa da Hausa ba ne, ba kuma koyarwa da Turanci ba ne. An kama maganin da ba a taɓa sha ba an ce shi ya kwantar da majinyaci.

Bari in bayyana dalilin da ya sa masana harshe ke nacewa a kan wannan magana, don kada a ɗauka kishin Hausa ne kawai. Koyon karatu aiki ne na gane cewa zanen da ke kan takarda yana wakiltar sautin da ke fita daga baki. Yaron da ya shigo aji 1 ya riga ya zo da dubban kalmomin Hausa a kansa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya gane cewa ba da ki su ne baki, wanda ya san ma'anarsa tun yana goye. Rubutun Hausa na boko kuwa ya sauƙaƙa masa, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi. Harafin c a Hausa kullum shi ne na ciki da cinya, alhali a Turanci wani lokaci ya fito kamar k, wani lokaci kamar s. Wasulanmu biyar ne, kuma gaɓar kalma a bayyane take. Shi ya sa tsofaffin littattafan nan irin su Ka Koyi Karatu suka fitar da manya daga jahilci cikin 'yan watanni a zamanin Yaƙi da Jahilci. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan harsunan Turai ya nuna yaran Finlan da Italiya da Sifen, masu rubutu madaidaici irin namu, suna iya haɗa kalma kafin ƙarshen shekarar farko, yayin da yaran da Turanci ne harshen uwarsu ke ɗaukar fiye da ninki biyu na wannan lokaci. To, idan ɗan Ingila da ya tashi da Turanci a bakinsa yana shan wannan wahala, ina ga ɗan Kalambaina da ake son ya koyi rubutun da harshen a lokaci guda, daga bakin malamin da shi ma Turancin bai zauna masa ba?

Ba na cewa rubutun Hausa ba shi da nasa cikas. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke kama ɗaya a takarda, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Sai dai yaron da Hausa ce harshensa yakan warware wannan daga ma'anar jimla. Akwai kuma wani abu da ya keɓanci ƙasar Sakkwato, wanda masu rubuta littattafai a Kano da Zariya ba su cika lura da shi ba. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa karin harshen Kano. Yaronmu a gida cewa yake yi hulla, littafi ya ce hula. Shi ya san biyat da tahi da zamna da munka, littafi ya ce biyar da tafi da zauna da muka. Shi wanga da wagga ya sani, littafi ya ce wannan. Wannan tazara ba babba ba ce, malamin da ya san da ita zai cike ta cikin mako biyu, ya nuna wa yaro cewa ga yadda muke faɗa, ga kuma yadda ake rubutawa. Amma malamin da bai sani ba sai ya ɗauki Sakkwatancin yaron a matsayin kuskure, ya yi ta gyara masa baki maimakon ya koya masa karatu, har yaron ya koyi yin shiru. Kuma kada mu manta da 'ya'yan Fulani da Zabarmawa da na ma'aikatan da suka zo daga Kudu, waɗanda ke cikin azuzuwan nan. Akasarinsu da Hausa suke wasa a waje, don haka ita ce ta fi kusa da su fiye da Turanci, amma suna buƙatar malam ya san da zamansu.

Masu cewa harshen uwa yana hana iya Turanci su koma su duba abin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya yi a Ile-Ife daga 1970. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci har shekara 6, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Amma a lura da sharaɗin da ake yawan mantawa: an rubuta musu littattafai, an horar da malamansu, kuma gwanaye ne suka koya musu Turancin. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga shi daga Sakkwato zuwa Illela da Ƙwanni tafiyar awa biyu ba ta cika ba, amma mun fuskanci gabas su sun fuskanci yamma.

Na san abin da da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi za su ce, domin na sha jin sa a taron biki da ɗakin shan shayi na jami'a: da Turanci ake cin JAMB, da shi ake samun aiki, kuma ba daidai ba ne mu koya wa 'ya'yanmu Turanci a makarantun kuɗi sannan mu ce 'ya'yan talakawa su tsaya ga Hausa. Wannan magana tana da nauyi, kuma iyayen Kalambaina ma Turancin suke so, domin suna ganin wanda ake ɗauka injiniya da wanda ake ɗauka ɗan dako a ƙofar masana'anta. Amsata ita ce hanyar da ta fi kusa zuwa ga Turancin ta cikin Hausa ta bi. Sau ɗaya ake koyon karatu a rayuwa. Wanda ya iya shi da harshe ɗaya, in ya zo na biyu kalmomi kawai zai koya. Ɗanka da ke makarantar kuɗi yana da littattafai a gida da talabijin da uwa mai digiri da malamin darasin yamma. Ɗan direban tirela ba shi da ko ɗaya, jarin da ya zo da shi makaranta shi ne harshensa, shi ne kuma muke ƙwacewa a bakin ƙofa.

Sai batun malamai, wanda a nan dole in sunkuyar da kai, domin mu ne muke yaye su. Da can kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Giredi Tu suna ɗaukar yaro su shekara biyar suna koya masa yadda ake riƙe alli da yadda ake tsayawa gaban aji. An rufe su, aka ce takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, amma kwalejojin ilimi suka koma matattarar waɗanda jami'a ta ƙi ɗauka, suna karanta darussa bibbiyu irin na sakandare, ba wanda ya nuna musu yadda ake koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali. Mu ma a jami'a, ɗalibi ya zo mana bai iya rubuta sakin layi ba, mu lallaɓa mu ba shi maki ya wuce, gobe a tura shi aji. Da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan dubu 33 jarrabawa a 2017, mutum 21,780 ne suka kasa kai makin da aka gindaya. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya tambayi wane ne ya sa hannu a takardun shaidarsu. A garin da Sardauna Ahmadu Bello da Alhaji Shehu Shagari suka fara rayuwar aiki da koyarwa a Makarantar Midil, yau malamin firamare shi ne wanda mai shago ke tsoron ba bashi.

Daɗin daɗawa, idan makaranta ta lalace ba a san wuyan wanda za a kama ba. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, hukumar SUBEB ce ke da ikon ɗauka da ƙarin girma, manhaja daga Abuja take zuwa, hedimasta kuwa ba shi da ikon ko da riƙe malamin da ya ga yana da amfani in ɗan siyasa ya nema masa canji zuwa cikin gari. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara sa tambayar ta zama dole: shugaban ƙaramar hukuma zai karɓi kuɗin, to zai karɓi alhakin karatun yaran? Mu kuwa da muke da bakin da za a ji, mun kwashe 'ya'yanmu mun kai makarantun kuɗi, muka bar makarantar gwamnati ga wanda ba zai iya shiga ofishin Sakataren Ilimi ya buga tebur ba.

Gaskiya ne an yi wani yunƙuri mai kyau. Shirin Mu Karanta ya raba littattafan koyon karatu da Hausa ga 'yan aji 1 zuwa 3 a Sakkwato da Bauchi, ya horar da malamai, kuma littattafan an tsara su da ilimi. Amma kuɗin na Amurka ne, kuma a 2025 gwamnatin Donald Trump ta rufe hukumar USAID ɗungurungum. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Abin tambaya shi ne nawa jiha ta sa a kasafinta domin sake buga waɗannan littattafai duk shekara, tunda littafin ɗan aji 1 ba ya wuce shekara ɗaya a hannu.

Kada wani ya ce talauci ne, tunda ƙididdigar 2022 ta nuna kashi 91 cikin 100 na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. Talaucin gaskiya ne, amma akwai wani gari mai suna Sobral a Jihar Ceará, a yankin arewa maso gabashin Brazil, wanda shi ma yankin fari ne da fatara, mutanensa kimanin dubu 200. A farkon shekarun 2000 hukumar garin ta gwada yaranta ta ga kusan rabin 'yan aji 2 ba su iya karatu ba. Ba ta ɓoye sakamakon ba, ta kira iyaye ta gaya musu. Daga nan ta tsayar da buri ɗaya, wato kowane yaro ya iya karatu a farkon firamare, ta daina naɗa hedimastoci ta hanyar siyasa, ta riƙa turo masu gwaji daga waje suna sauraren karatun kowane yaro, ta kuma ba da lada ga makarantar da ta ci gaba. A 2005 garin yana na 1,366 a jerin ƙananan hukumomin ƙasar, a 2017 shi ne na ɗaya cikin fiye da 5,500. Sai dai a lura, yaran Sobral da harshen da suke magana a gida ake koya musu karatu.

Abin da ya sa na ɗauki Kalambaina ban ɗauki jiha baki ɗaya ba shi ne ƙanƙantarta ita ce damarta. Makarantun yankin ana iya zagaye su a babur cikin yini ɗaya. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari duk suna nan kusa, cike da ɗaliban Hausa da na ilimi waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, suna ta maimaita nazarin waƙoƙin da aka riga aka nazarta sau goma. A Indiya ƙungiyar Pratham tun 2005 take amfani da 'yan sa-kai da takarda guda mai haruffa da kalmomi da ɗan labari, suna auna karatun yara ƙauye-ƙauye. Ba abin da zai hana sashe ɗaya na jami'a, da izinin Sakataren Ilimi na Wamakko, ya yi haka ga kowane ɗan aji 2 da aji 3 a Kalambaina sau biyu a shekara. Sakamakon kuma a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar makaranta, a karanta shi a taron iyaye a gaban hakimi da limamai. Ba don a tozarta malami ba, sai don a san yaran da za a ware wa awa ɗaya kullum a koma da su kan baƙi da wasali, ko da sun kai aji 5. Ko sanarwar Minista ta 2025 ba ta hana a koyar da Hausa a matsayin darasi ba, kuma wannan awa ɗayar ta isa a fara da ita.

Kuɗin wannan aiki bai kai na gina aji biyu ba, kuma akwai inda za a nemo shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa duk mai haƙar ma'adini ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin da yake aiki, ana sabunta ta duk shekara 5, kuma ilimi yana cikin abubuwan da dokar ta ambata. A al'ada wakilan al'umma gini suke roƙa, domin gini ake gani, shi ake yanke wa kirtani a ɗauki hoto. Ina kira ga dattawan Kalambaina da ƙauyukan da ke kewaye, in lokacin sabuntawa ya zo, su sa littafin karatu ga kowane yaro da horon malaman aji 1 zuwa 3 da kuɗin gwajin nan a cikin takardar. Akwai ma wani bashi da mu mutanen jami'a ya kamata mu tuna. Harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993 da farko har firamare da sakandare yake taɓawa, sai dokar 2011 ta taƙaita shi ga manyan makarantu, aka koma kiran asusun TETFund. Ke nan shekaru da dama harajin da aka karɓa daga ribar dutsen Kalambaina ya gina mana ɗakunan lacca, ya biya wa wasunmu karatun digiri na uku a ƙasashen waje, alhali yaron da aka haifa a kan dutsen bai iya karanta sunan garinsu ba.

Ɗan ɗan'uwana dai na saya masa littafin koyon karatu na 'yan aji 1, na roƙi wata ɗalibata da ke zaune kusa da su ta riƙa zama da shi rabin awa bayan la'asar. Da farko ya ji kunya, don littafin ƙannensa ne. Kafin wata uku ya karanta mini katin gayyatar nan daga farko har ƙarshe, har ya nuna mini inda maɗaba'a ta manta da lanƙwasar ɗ a kalmar ɗaurin aure. 'Yan ajinsu da suka zauna a benci ɗaya da shi shekara shida an riga an tura su ƙaramar sakandare.